Ɗana, An Gama?

Ana dab da magariba Oga ya tare ni a bakin lifta, jakata a kafaɗa.

"Malam, koma ka gwada Amarya ka sa hannu. Gobe muna da mutum tara."

Amarya sunan da nas-nas suka laƙa wa injin gashin ciwon daji ne, wai don ba ta fitowa sai an rufe ƙofa. A cikinsa akwai wata ƙwayar ƙarfe da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, manne a bakin waya. Injin yakan tura ta ta siririn bututu har cikin jikin mara lafiya, tururinta ya ƙona ciwon, sannan ya janye ta cikin gidanta na dalma. Mu muna waje, muna kallo a allon kyamara. Aikina shi ne in tabbatar tana tsayawa inda aka ce, tana komawa lokacin da aka ce.

Wata huɗu kafin nan na rubuta cewa wayar tana cijewa. Oga ya karanta, ya ture takardar.

"Mai gyara sai wata mai zuwa. Ka sa hannu, ko a nemo mai sawa."

Na sa.

Kwana uku bayan haka ƙwayar ta maƙale a jikin wata tsohuwa da muke kira Iya. Ni na ce mata minti bakwai ne kawai. Ta yi sha tara. Ba ta ƙara sati shida a duniya ba, a fayil kuma aka rubuta cewa ciwon ne ya ci ƙarfinta.

A maraicen nan da Oga ya tare ni, na sauka ƙasa. Sashen ba kowa, sai ƙugin na'urar sanyi da warin maganin goge daɓe. Na leƙa ɗakin: gado a shimfiɗe, babu kowa. Na jona bututun gwaji a jikin rula, na fito, na ja ƙofar dalmar nan mai nauyin mota ta rufe.

Jar fitila, lafiya. Mitar bango mai auna tururin, lafiya. Maɓallin gaggawa, lafiya. Ƙwayar ta tsaya daidai kan layin rula. Na kunna lasifikar da muke magana da marasa lafiya.

Sai na ji numfashi.

A hankali, da ɗan kurman tari a ƙarshe. Na dubi allo. Gado wayam.

"Ɗana," aka ce can ƙasa-ƙasa. "An gama?"

Na san matattu ba sa dawowa. Duk abin da ke ɗakin nan, aron muryar Iya ya yi. Na yi a'uziyya, na danna maɓallin janyewa.

Ƙwayar ba ta koma ba.

Na danna na gaggawa. Mita ta ci gaba da ihu. Na buɗe ƙofa, wanda ko shi kaɗai ya isa ya sa injin ya janye. Bai janye ba. Idan na tafi na bar ta a waje, mai shara ce za ta fara shiga da safe, da bokitinta.

Na ɗauki mitar hannu na shiga.

Warin ya canja. Man zafi, da ƙaurin abin da ya ƙone.

Tana kan gadon, lulluɓe da zanen asibiti, fuska a bango. Ƙafafunta sun zarce gadon, sun sauka, sun bi daɓe har gindin injin. Hannu ɗaya ya fito daga zanen ya damƙe bututun.

Na durƙusa bayan injin, na kama hannun injin da ake murzawa a janye ƙwayar idan komai ya ƙi. Na murza.

Aka ja daga can.

Na sake murzawa. Aka sake ja.

"Ka ce bakwai," ta raɗa. Yanzu muryar a bayan kunnena take.

"Iya, ki yafe mini."

"Wa ya sa hannu?"

"Ni ne."

Aka saki.

Na murza kamar mahaukaci har na ji ƙas. Mita ta yi tsit. A cikin shirun na ji ƙarar ƙarfe.

Ƙofar tana rufuwa da kanta.

Na zabura. Kafaɗata ta wuce, ƙirjina ya gurje. Takalmina na hagu ya tsaya a ciki.

A kan matakala na zauna har mai gadi ya same ni.

Washegari na ƙi sa hannu. Na rubuta komai game da wayar, da mintuna sha tara na Iya, da sa hannuna na farko. Oga ya karanta a tsaye.

"Gajiya ce, Malam. Ka samu hutu."

Hutun da aka ba ni shi ne ɗakin ajiyar tsoffin fayiloli. An kawo wani ya sa hannu kafin ƙarfe tara. Bayan wata biyu aka sauya wayar a ɓoye, aka kuma ƙara wa Oga girma. Yatsuna uku na dama da tururin ya ƙona sun yi baƙi, har yau ba na jin su idan na riƙe alƙalami.

Makon jiya wata mata ta tsayar da ni a bakin get, da yaro a hannu. Ta ce ita 'yar Iya ce, ta gane ni.

"Har ta rasu tana sa maka albarka. Ta ce duk asibitin nan kai kaɗai kake gaya mata gaskiya. Allah Ya saka maka da abin da ka yi mata."

Ta tsaya tana murmushi, tana jiran in ce amin.

Na ce amin.