Wadda Maidawa Ya Bi Cikin Gero

Wata uku da tarewar Yalwa, Maidawa ya fara lura da fitarta.

Shi mutumin Filinge ne. Ya yi shekara huɗu yana haƙar zinariya a Gwalkwas, wato ƙasar Gana ta yau, ya dawo da akwatin ƙarfe da wani tari mai hana shi sakat. Ita kuwa ɗiyar wani ƙauyen Kurfai ce, daga gidan da ake yi wa iskoki yanka. A kasuwa ya gan ta tana sayar da man shanu, ya so ta, ita ma ta so shi, duk da gunagunin danginsa. Ranar da ta tare ya gindaya mata sharaɗi guda: ba ya son ganin kayan bori a gidansa. Ta sunkuyar da kai.

To, sai ga shi duk bayan kwana uku, rana na yin ja, takan ɗauki tulu ta ce za ta rijiya. Rijiyar ba nisa, amma sai magariba ta wuce take dawowa, gwiwoyinta duk laka. Wata rana abokinsa Kailu, dogarin Baturen mulki, ya ja shi gefe ya ce ya hango ta can bayan gonaki, wajen gindin dutse, da wani dogon mutum tsaye nesa kaɗan da ita.

Maidawa bai tambaye ta ba. Ya riƙa cin tuwonta shiru, yana satar kallonta. In ta yi murmushi sai ya ce a ransa, wa take tunawa? Ita ma ta ga canjin, ta rage magana. Ɗaki guda, tabarma guda, amma kowa da abin da yake tafasa a cikinsa.

Ranar wata Laraba, ƙarshen damina, ya ce mata za shi masallaci, ya laɓe bayan rumbu. Ta fito da tulu. Ya bari ta yi nisa, sannan ya bi ta.

Gero ya fi mutum tsawo, hanya siririya. An yi ruwa da hantsi, ƙasa na tashin ƙamshi, kwaɗi sun cika tabki da kuka. Inda hanya ta rabu biyu ta ɓace masa. Ya tsaya yana danne tari da tafin hannu.

Sai ya hango ta a hannun hagu.

Ba tulu a kanta. Kuma ta canza zane, ta ɗaura mai ruwan zinariya wanda ya sayo a Kumasi ya ba ta. Zuciyarsa ta yi zafi. Ashe ado ake yi wa dogon mutumin. Ya ƙara sauri.

Tana tafe a hankali, amma ya kasa cim mata. Ya ji ladan ya ɗauki kiran salla can cikin gari. Kiran bai kai ƙarshe ba ya yanke, kamar an toshe masa kunne. Kwaɗin ma suka yi tsit.

Ba abin da yake ji sai numfashinsa.

Yalwa na da warawarai a hannu, ko tsintsiya ta ɗauka sai sun yi ƙara. Wannan hannayenta na lilo, ba ƙara ko kaɗan. Wani ƙauri ya bugi hancinsa, irin na gashi in ya faɗa wuta.

Ya dubi ƙasa. Rairayi jiƙe yake, ba sawun kowa a gabansa.

Geron ya ƙare, suka fito wani fili da yaɗo ya rufe. Ta tsaya a tsakiya, ta ba shi baya.

"Maidawa," ta ce a hankali. "Taho ka gane shi. Ba shi kaka biɗa ba?"

Muryar Yalwa ce sak. Ta ci gaba da faɗar maganganun da bai taɓa gaya wa kowa ba, waɗanda yakan juya a ransa in yana kallon matarsa: ɗiyar azna ce, dangi sun faɗa maka, me za ta yi da mai tari. Tana faɗa tana dariya ƙasa-ƙasa.

Nan jikinsa ya yi sanyi. Tun da aka ɗaura musu aure, Yalwa ba ta taɓa kama sunansa ba. Kunya ba ta barinta.

Ya so ya tsaya. Ƙafafunsa suka ƙi.

Taku ɗaya. Taku biyu.

Ta juyo da kai, kafaɗunta ba su motsa ba. Fuskar Yalwa ce, amma tsagen kumatunta na motsi kamar tsutsotsi.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, tari ya sarƙe shi.

Ƙafarsa ta dama ta taka yaɗon, ta ji ba ƙasa.

Aka fizgo rigarsa ta baya. Ya faɗi rigingine, ya ji ƙarar warawarai a kunnensa, da warin gumi da hayaƙin murhu. Gefen da ya taka ya zabtare. An daɗe kafin ya ji ƙasar ta faɗa ruwa can ƙasa. Bakin tsohuwar rijiya ne, kuma a kan ramin abin da ya biyo yake tsaye.

"Maigida, kak ka amsa mata," Yalwa ta raɗa masa. "Tashi. Kak ka dubi baya."

Suka kutsa cikin gero hannunsa a nata, ganye na yankar fuskokinsu. A bayansu muryar ta sauya, ta koma ta namiji, har da ɗan tarin.

"Yalwa. Yalwa."

Muryarsa ce. Matarsa ba ta sake shi ba har suka hango wutar gidajen bakin gari.

A gindin rumbunsu, suna haki, ta gaya masa komai. Goggonta Tambara, mai bori, ita ta nuna mata wata saiwa mai maganin tari, wadda ake tonowa da faɗuwar rana. Saiwar nan Yalwa take dafawa tana zuba masa a kunu, ta ɓoye don sharaɗin da ya yi mata. Sau biyu ta ji muryarsa na kiranta daga filin nan, ta hangi wani dogo tsaye. Ta ɗauka shi ne yake bibiyarta don ya gwada ta, abin ya yi mata ciwo, ta ƙi amsawa, ta kuma ƙi tada maganar a gida. Yau tana durƙushe tana tono ya wuce ta gabanta, ido buɗe, bai gan ta ba.

"Da ka tambaye ni, da na hwaɗa maka," in ji ta.

"Da kin hwaɗa, da na yi faɗa," ya ce. Sannan ya ƙara, "Amma da mun gama shi a ɗaki."

Kwana bakwai ya yi yana zazzaɓi. Da ya tashi, ya raka ta ƙauyensu ya gai da Tambara, ya zauna a tabarmarta duk a takure, ya yi godiya. Bai shiga bori ba, ita ma ba ta yar da danginta ba. Maganin dai ya ci gaba da sha da bisimilla, kuma tare suke zuwa tono. Mazan unguwa suka rufe rijiyar da itatuwa da duwatsu.

Da damina ta zagayo, wani ango mai suna Hamani ya same shi a gona, ido ja, ya ce an gaya masa ana ganin amaryarsa wajen gindin dutse, kuma yau zai bi ta ya gani da idonsa. Maidawa ya ajiye hauya, ya dubi rana, ta fara yin ja. Ya kama hannun Hamani, bai sake shi ba sai a ƙofar gidan angon.

"Shiga ka tambaye ta," ya ce. "Ina nan tsaye har ka hito."