Tulu Biyu a Gaɓar Shanshui

Ƙarfe goma sha ɗaya saura aka buga waya caji ofis na Makung. Wata mata mai tsintar kawa, wato ƙodon teku, ta ci karo da gawa a kan duwatsun gaɓar Shanshui.

Sufeto Yen Chao-ming bai buƙaci a gaya masa sunan mamacin ba. Hung Te-wang ne, mai nutso da bindigar mashi, wanda rabin mutanen wannan tsibiri suka ci kifinsa.

Sufeto ya durƙusa ya duba. Rauni ɗaya ne, a ƙasan haƙarƙarin hagu, an zare mashin. Bindigar mamacin tana gefe, nata mashin yana ciki, ba a harba ba. An kwance masa tulun iska da damarar dalma ta nutso an jera su, an haɗa hannayensa a ƙirji, an rufe masa fuska da tawul.

"Wataƙila ruwa ne ya turo shi, yallaɓai," in ji kofur ɗin da ke gadin wurin.

"Tun yaushe teku ta fara rufe wa mutane fuska? Wanda ya kashe shi ne ya kwantar da shi, kuma ba ƙinsa yake yi ba."

Daga nan ya wuce gidan mamacin. Matarsa, Mei-chu, tana zaune a ƙofar kicin, shinkafar rana ta huce a tukunya ba wanda ya taɓa.

"Ki yi haƙuri, Yaya, dole in tambaya. Da wa ya fita yau?"

"Shi kaɗai."

"Yayanki Lu Chin-fa fa? Shekara talatin ban taɓa ganin ɗaya ya shiga ruwa ba ɗaya ba."

"Yaya Chin-fa mura yake yi. Ya yi sati bai fita ba."

Ta faɗa da sauri, idonta a kan tukunya. Sufeto bai matsa mata ba.

A bakin tashar jiragen ruwa akwai shagon wani mai suna Ou, wanda ke cika wa masu nutso tulunansu. Da ya hango motar 'yan sanda sai ya kama goge abin da ba shi da datti.

"Tulu nawa Te-wang ya kawo da safe?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"Ou, in kai ka ofis mu ƙirga tare?"

Ou ya ajiye tsumman. "Biyu ne. Nasa da shuɗin nan na Kawu Lu. Wata shida ke nan shi yake kawo su duka, shi yake duba agogon iskar Kawu, shi yake goya shi a babur. Na tsokane shi na ce ko ya sake aure ne, ya ce in kama bakina."

"Me ya sa ka ce ɗaya?"

"Kawu Lu ne ya koya mini nutso, yallaɓai."

Gidan Lu Chin-fa yana can ƙarshen layi, bayan ɗakin bauta. Rigar roba ta nutso tana rataye a igiya tana ɗiga. Tsohon yana zaune a tsakar gida, buta da kofuna a gabansa, kamar mai jiran baƙo.

"Wane ne?"

Sufeto yana tsaye taku huɗu daga gare shi, rana tsaka, cikin kakinsa.

"Ni ne Chao-ming, Kawu. Ɗan Yen mai gyaran raga."

"A'a, ɗan Yen! Zauna. Mura ce ta kwantar da ni."

"Rigar ma murar take yi? Ga ta tana zubar da ruwa."

Tsohon ya ɗauki buta zai zuba shayi, shayin ya sauka a gefen kofi ya malale a tebur. Bai daina zubawa ba sai da ya ji ɗumi a gwiwarsa.

Sufeto ya karɓi butar a hankali. Ya leƙa idanun tsohon, ya ga yanar ido ta rufe su fari fat.

"Tun yaushe, Kawu?"

Lu Chin-fa ya goge gwiwarsa.

"Tun bara. Likita ya ce aiki za a yi, kuma ba ni ba ruwa. Ni da ban san komai ba sai ruwa! Te-wang ya ce, 'Yaya, rabu da shi, ni ne idonka.' Muka shirya: ina damansa, in ya ga kifi ya saita mini hannu, ya ƙwanƙwasa tulunsa sau biyu, in harba. Mu fito in riƙa cika baki a kasuwa, shi kuma yana dariya."

"Yau fa?"

"Ruwan ya gurɓace. Igiyar ruwa ta raba mu ban sani ba. Na ji ƙwanƙwasa sau biyu, na ga wani baƙin abu babba yana nufo ni." Muryarsa ta karye. "Ashe nemana yake yi. Kirana yake yi, ɗan Yen."

"Ka fito da shi da rai?"

"Da rai. Na ja shi har kan dutse, na zare mashin don in sauƙaƙa masa, jini ya ɓalle. Ya riƙe mini hannu ya ce, 'Tafi gida. Ka ce ni kaɗai na shiga. Kada Mei-chu ta rasa mu biyu.' Na zauna har ya cika. Sannan na bi bango na dawo, kamar kare."

Ya nuna ƙarƙashin benci. Mashin yana nan, naɗe cikin buhu.

"Zaman nan da ka gani, kai nake jira. Na kasa zuwa da ƙafata."

Sufeto ya shafa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a inda take. "Dole mu tafi ofis, Kawu. Ka harbi mutum, ka bar gawa, ka ɓoye makami. Alƙali ne zai yanke sauran."

Ya kama gwiwar hannun tsohon ya tsallakar da shi dokin ƙofa.

Mei-chu tana tsaye jikin mota, da ƙaramar jaka a hannu. Ashe ta ga fitarsu su biyu da asuba, ta kuma ga dawowar mutum ɗaya. Sufeto bai sake tambayarta ba.

"Mei-chu ce?" in ji tsohon, yana juya kai. "Na ji takunki. Ƙanwata, ki ce wani abu. Ko zagi ne."

Ba ta dube shi ba. Ta miƙa wa Sufeto jakar.

"Rigar sanyinsa ce da maganin idonsa. Sau uku ake ɗiga masa a rana, ba ya iyawa da kansa." Ta sakar masa jakar. "Te-wang ne yake ɗiga masa."

Ta juya ta nufi hanyar asibiti, inda aka kai mijinta. Sufeto ya buɗe ƙofar baya, ya dafa kan tsohon don kada ya bugu, ya zaunar da shi.