Wanda Ya Sauko Daga Dutsen Popa

Jakar hannu na koma ɗaukowa, ba wani abu ba. Rana ta kusa faɗuwa, masu sayar da fure a gindin Dutsen Popa suna naɗe tabarminsu, sai baƙuwata Daw Mya Yi ta shafa kafaɗarta ta ce ta manta jakarta a can sama, gaban babban gunkin Buddha.

Aikina ke nan, in kwaso baƙi daga garin Nyaung-U da safe, in zaga da su ɗakunan ibadar da ke kan dutsen, in mayar da su da yamma. Na kai mutane iri-iri, amma ban taɓa kai abin ƙyama kamar mijin matar nan ba. U Tint Lwin sunansa, attajirin katako daga birnin Mandalay, tumbi a gaba, zobe a kowane yatsa. Ko yaron goye a ƙasarmu ya san ba a hawa Popa da baƙin tufa ko da naman alade, kuma ba a zagi a kansa, saboda iskokin wurin ba sa so. Shi kuwa baƙar riga mai sheƙi ya sa, tun a mota yake cin soyayyen alade daga leda, maiƙo har gwiwar hannu.

"Kawu, da ka bar ledar a mota," na ce masa a bakin matakala, muna cire takalma.

"Ke yarinya, hanya na ɗauke ki ki nuna mini ko wa'azi? In iskokin naku yunwa suke ji, su zo su karɓa."

Ba ibada ta kawo shi ba. So yake a kafa allon dutse mai sunansa a jikin bango, inda kowa zai gani. Ya tofa jan yawun ganyen da yake taunawa a kan matakalar da tsofaffi suka gama gogewa. Ya shuri ɗan biri. Sufin addinin Buddha da ke sa masa albarka bai kai ƙarshen addu'a ba, attajirin ya ɗaga waya yana yi wa wani ashar a kan motar katako. Matarsa kuwa saniya yake ce mata. Tana biye da shi, kai a ƙasa, ta laɓta garin itacen da muke shafawa a kumatu har ya yi kauri, amma bai rufe shatin yatsun da ke ƙarƙashin idonta ba.

Da za mu sauka ya ce mu yi gaba. Na waiwaya na gan shi yana kwance zaninsa a bayan wani ƙaramin ɗakin bautar iskoki, zai yi fitsari. Na kau da kai. Can anjima ya same mu a ƙasa, ya shiga bayan mota ya zauna bai ce uffan ba. Har na ji daɗi, na ce gajiya ta yi mana maganin bakinsa.

To, na koma neman jaka.

Matakalar doguwa ce, rufin kwano a kanta tun daga ƙasa har sama. Tayil ɗin ya huce, yana sanyaya mini tafin ƙafa. Kwanon yana ƙas-ƙas. Kullum a nan birai ke fizgar kayan mutane, suna ihu, suna faɗa. Ranar duk sun jeru a kan ƙarfen gefe, sun juya wa matakalar baya. Babu wanda ya motsa. Har jariransu sun yi tsit.

Na sami jakar inda ta ce. Wani tsohon sufi yana rufe ƙofa, ya dube ni, ya dubi yamma.

"Haske ya kusa ƙarewa, 'yata," ya ce a hankali. "Kada ki tsaya a hanya."

Na fara sauka. Sai ƙamshin fure ya tare ni, mai nauyi, mai zaƙi, har yana kankare maƙogwaro. A ƙarƙashinsa akwai ƙaurin kitse.

Na ji haki. Na ji takun ƙafa mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya.

Ina shan kwana na gan shi.

U Tint Lwin ne zaune a kan matakala. Rigar ta jiƙe sharkaf. Tafin ƙafarsa ya tsage, jini a kan tayil.

"Thuzar," ya ce. Tun safe bai kira sunana ba sai yanzu. "Tun ɗazu nake sauka. Ba ta ƙarewa."

"Kawu, ai kana mota."

Ya zuba mini ido.

"Tana bayana," ya ce da raɗa. "In na tsaya, sai ta tsaya."

Sai na ji tauna. A hankali, da ɗan danshi, kamar akuya a cikin duhu.

A saman inda yake, inda na wuce yanzun nan ban ga kowa ba, wata mace ce zaune cikin koren zani. Cinyarta cike da fure. Tana ɗiba da hannu tana kaiwa baki. Bakin ya fi na mutum faɗi, ya kusa kunne.

Ba shi take kallo ba. Ni take kallo.

Ta daina tauna.

"Naki ne?"

Muryar ba daga sama ta zo ba. A jikin kunnena na ji ta, har da ɗumin numfashi.

"A'a, Uwa," na ce. "Ba nawa ba ne."

Ya cafki idon sawuna.

Hannunsa na taɓa ni na dubi ƙasa, na ga abin da yake gani. Babu fitilun kasuwa. Babu kwana. Matakala kawai, tana tafiya, tana tafiya, cikin baƙin duhu.

A bayana na ji ƙarar zani. Ta miƙe.

Na ɗaga jakar na maka masa a hannu. Na ƙara. Zobbansa suka yage mini fata, na fizge.

Na ruga.

"Dawo, 'yar iska! Dawo na ce!"

Ko a nan ma zagi ne ya fara zuwa bakinsa.

Ban waiwaya ba. Na faɗi, na tashi, gwiwata na jini. Sai fitilar mai sayar da shayi ta bayyana a ƙasa, 'yar ƙarama, na nufe ta har na ji ƙasa a tafin ƙafata.

Direbanmu mai suna Ko Nyunt ya riga ya tada mota. Na leƙa ta taga. U Tint Lwin yana zaune inda na bar shi, rigarsa a bushe, hannuwa a kan gwiwa. Motar ta cika da ƙamshin fure.

"Sannu, 'yata," ya ce da taushin murya. "Mun wahalar da ke."

Na miƙa wa Daw Mya Yi jakarta, na sunkuya kusa da kunnenta.

"Goggo, mijinki yana sama."

Ta riƙe wuyan hannuna, ta matse har na ji zafi. Idonta a bushe, babu ko ɗigon tsoro.

"Na sani," ta ce. Ta ɗaga murya kaɗan. "Ko Nyunt, ja mu tafi."

Na zauna a gaba. Har muka isa Nyaung-U ban dubi madubi ba.

Daga baya labari ya zo daga Mandalay cewa attajirin ya sayar da injinan katakonsa, ya daina cin nama, wuni yake a lambu. Mutane na ta yabonsa, wai dutse mai tsarki ya shiryar da shi. Matar kuwa an ce ta yi ƙiba, har dariya take a kasuwa. Ban gyara wa kowa zancen ba.

Har yanzu ina kai baƙi, amma rana na karkata nake sauko da su, ko sun gama hotunansu ko ba su gama ba. Tsofaffin da ke goge matakala sun ce da almuru suna jin wani yana saukowa. Da farko zagi yake yi. Daga baya ya koma roƙo. Bana, in ji su, babu magana, sai takun ƙafa kawai.