Akwatin Binciken da Ya Ɓoye

Ranar da wata budurwa ta fara aikin sakatariya a ofishin lauyoyi, wata wasiƙa ta ɓace mata a kwamfuta. Aka kira mai gyaran na'urorin ofishin, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Kallo ɗaya ya yi mata, zuciyarsa ta tafi.

Aikin bai kai na minti ɗaya ba: a rubuta kalma a akwatin bincike, fayil ya fito. Amma bawan Allah ya share rabin awa yana buɗe folda yana yamutsa fuska, don dai ya daɗe kusa da ita. Kafin ya tashi ma sai da ya ɓoye akwatin daga allon.

Daga nan kullum sai ta neme shi, har soyayya ta ƙullu. Yana kiranta Kurciya, tana kiransa Mai Cetona. Duk sanda ta faɗi sunan sai kunya ta rufe shi, ya ce a ransa gobe zai gaya mata gaskiya. Goben ba ta zo ba.

Wata rana ya yi tafiya, babban lauya ya buƙaci wata yarjejeniya zai shiga kotu. Ta yi awa guda tana lalube, ba ta same ta ba. Lauyan ya ce mata jahila a gaban kowa, ya sallame ta.

Saƙonta ya shigo wayar Injiniya: "Mai Cetona, an kore ni. Laifina ne, kaina ba ya ɗaukar kwamfuta. Kada ka damu."

Ya karanta, ya tsani kansa. Ya rubuta: "Kurciya, kanki lafiya lau. Ni na ɓoye miki akwatin bincike don ki riƙa nemana. Ga yadda za ki dawo da shi. Ki yafe mini."

Ta gwada a kwamfutar yayarta, ta iya nan take. Sauƙin abin ne ya sa ta kuka. Mahaifinta da ya ji, ya hana Injiniya taka ƙofar gidan.

"Wanda ya bar ki cikin duhu don ki riƙa buƙatarsa, ba zan ba shi 'yata ba."

Injiniya ya je ofis, ya faɗi abin da ya yi a gaban mutanen da aka ci mutuncinta a idonsu. Aka mayar da ita, aka kore shi. Bai sake kiranta ba, don yana ganin bai cancanta ba.

Bayan wata biyu wayarsa ta yi ƙara, ya ga Kurciya ce.

"Wane fayil ne ya ɓace?" ya tambaya a sanyaye.

"Babu. Komai da kaina nake samowa yanzu. Baba ya ji abin da ka yi a ofis, ya ce ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya riƙe hannunsa, ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya. Amarya ta daina ce masa Mai Cetona. Angona take cewa, kuma wannan sunan yana amsa shi ba tare da ya sunkuyar da kai ba.