Mai Kunna Injin Inna

Rana ta kusa faɗuwa, ana kwashe shanya, injin numfashin Inna ya yi shiru. Tsohuwar ta dafe ƙirji tana shure-shure. Kafin a isa ɗakinta injin ya tashi da kansa.

Washegari haka. Daga nan sai jifa a kan kwano, ba a ganin mai jifan.

Gidan na zamani ne. Fitilu, ƙofa, har soket ɗin injin, duk daga waya ake juya su. Wayar ta maigida ce, ɗan Inna, wanda jinya ta daɗe da isarsa. Matarsa ta kira wanda ya haɗa kayan. Ya duba, ya daɗe bai ɗago ba.

"Hajiya, abu uku ke taɓa soket ɗin nan. Ko mutum ya danna, ko lokacin da aka saita ya yi, ko na'urar ta motsa da kanta. Ba a saita lokaci ba. Kunnawar, na'ura ce da kanta, ban san dalili ba. Kashewar kuwa..."

"Tattara kayanka," in ji maigida. "Aljanu ne."

Da yammacin nan babbar 'yarsa ta faɗi a ƙofar ɗakin kakarta, idanu a kafe. Aka ɗauko malam. Ya zauna ya soma karatu. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, kana ƙona ni a banza."

"Me tsohuwa ta yi maka kake kashe mata inji?"

"Ni nake kunnawa. Na yi jifa ba a gane ba, shi ya sa na shiga yarinya in yi magana. Ka taɓa ganin aljani da waya? Tambayi mai wayar."

Inna tana kallon ɗanta.

"Bar ni a cikin bango," in ji muryar. "Zan saki yarinya yanzu. Ranar da ajalin tsohuwa ya zo da kansa, in tafi."

Malam ya dubi maigida.

"Aljani maƙaryaci ne, Malam. Ci gaba."

Malam ya ci gaba. Yarinyar ta yi ƙara, ta yi atishawa, ta farka tana neman ruwa. Aka yi ta hamdala. Matar gida ta buɗe baki, mijin ya harare ta, ta rufe.

Washegari da yamma ba a yi jifa ba. Maigida yana zaune a mota bakin gida, waya a hannu. Injin ya yi shiru.

Wannan karon injin bai tashi ba.