Tuwon Mutum Biyu

"Wallahi yau ba ni ci, Baban Salima! Ka kashe ni in ka so, amma ba ni ci!"

Naja'atu ta ture kwanon da ƙafa. Tuwon dawa ne malmala uku, miyar kuka tana ninƙaya da man shanu, daga sashen Inna, mahaifiyar mijinta. Nuraddeen ya dubi kwanon ya dubi ƙofa, ya sassauta murya.

"Haba Najata... na yau kaɗai."

"Jiya ma haka ka ce."

Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. A bara, saboda ƙiba, Nuraddeen bai iya sujada, a kan kujera yake salla. Ga suga, ga hawan jini, ɗan acaɓa kuwa in ya hango shi a tashar Kaura sai ya kau da kai kamar bai gani ba. Da likita ya ce a rage masa tumbi ko a jira abin da zai biyo baya, ita ce ta yi ta kuka har ya yarda.

Matsalar Inna ce. Mijinta a kan gadon tiyata ya rasu, tun daga ranar ta ce duk ɗanta da ya bari aka sa masa wuƙa ba ta yafe ba. Sai Nuraddeen ya ce mata Abuja zai je kan harkar hatsi, ya dawo da tumbin da bai wuce na yaro ba, ya kuma roƙi matarsa ta riƙe sirrin.

To, tun da rashin tsaro ya taso Inna daga Dauran ta dawo gidan autanta, ba ta da abin da ya rage mata sai tukunya. Gona ta tafi, maƙwabta sun watse. Kullum sai ta tuƙa da hannunta ta aiko, kuma kwano in ya koma da saura, ranar ba mai ganin haƙoranta. Nuraddeen loma biyu yake yi ya ƙoshi. Sauran kuwa, Naja'atu ce ke rufe ƙofa ta tura shi a kan nata abincin, don tsohuwa takan leƙa har kwandon shara, har wurin kaji.

Shi yana zubewa, ita tana cika. Zannuwanta sun daina zagayowa, hawa ɗan dakalin kicin ma sai ta yi haki.

"Ka san abin da Inna ta ce mani da sahe?" Muryar Naja'atu ta karye. "Gaban matar yayanka Idi, gaban kowa... ta ce ni ka cinye mata ɗa. Wai ga shaida nan ga jikina. Ta ce in ba ka sallame ni ba, ita ta koma Dauran ko ɓarayin daji su kashe ta!"

Nuraddeen ya dafe kai. Rigarsa ta yi masa yawa har kafaɗar tana zamewa, sai ya zama kamar yaron da ya ari kayan babansa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta.

"In na gaya mata, tsine mani za ta yi, Naja."

"In ba ka gaya mata ba, ni za ta kora. Ka zaɓa."

Bai zaɓa ba. Ya jawo kwanon gabansa ya wanke hannu.

"Mi za ka yi?"

"Ni in cinye abina. Kin huta."

"Baban Salima, likita ya hana! Kar ka..."

Ya riga ya fara. Loma ta uku, ta huɗu, ta biyar. Gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji, ya yunƙura bai kai ƙofa ba ya durƙushe yana kelaya amai. Naja'atu ta ƙwalla ƙara ta riƙe shi.

Ƙarar ce ta kawo Inna da sandarta.

"Innalillahi! Mi kika ba shi? Mi kika sa mashi cikin tuwona, ke ɗiyar nan?"

Naja'atu ta ƙara riƙe Nuraddeen. Alkawari ta ɗauka, ko a yanzu ba za ta karya ba. Hawaye kawai ke zuba, tana shafa bayan mijinta.

Nuraddeen ne ya ɗago. Ya dubi matarsa, yadda ta kumbura ta yi shiru ana zaginta saboda shi, kunya ta rufe shi. Ya kama rigarsa ya ɗage. Ƙananan tabo ne a jere a kan fatar da ta saki.

"Inna, aiki anka yi mani. Ba hatsi ya kai ni Abuja ba. Cikina anka rage, don in rayu. Tuwonki kuwa... ita ka cinye shi kullum, don kar ranki shi ɓaci."

Inna ta daɗe tana kallon tabon. Sandar ta zame daga hannunta, ta zauna a bakin gado kamar an sauke buhu.

"Inna ki yahe mani..."

"Kai yi mani shiru." Ba ta ko dube shi ba. "Ban da magana da kai yau. Ƙila gobe ma ban da."

Ta juya ga Naja'atu. Ta kalli kumatun, ta kalli zanen da ya ƙi ɗauruwa, idanunta suka ciko.

"Duk tuwon nan, ke ɗai? Ina zaginki kina ci?"

Naja'atu ta sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace mata.

Tsohuwar ta miƙo tafin hannunta mai kanta, ta buɗe shi a gaban surukarta.

"Taho nan, ɗiyata. Gwada mani nan... kamar yaya cikin nashi ka ɗauka yanzu?"