Randar Ƙofar Malam Awwalu

"Kai ka fasa randar Baba, Iliyasu?!"

Ummulhairi na tsaye a zaure. Iliyasu, duba-garin da aka turo Makarfi, wanda aka sa musu rana bayan kaka, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Hairina."

"Randar sadaka! Tun zamanin kakana take binne a ƙofar gida, duk mai wucewa yana sha..."

"Shi ya sa ba ta juyuwa a wanke gindinta. Tsutsar sauro ce fal ciki. Sauron nan ke kawo ciwon shawara, ido ya yi ɗorawa, a yi ta aman baƙin jini. Haka na rasa yayata."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Surukina? In dubi idonsa in ce ruwansa ƙazanta ne?"

Wauta ke nan. Kunya ta hana shi magana, amma ba ta hana shi ɗaga sanda ba.

Tukur, ɗan wan mahaifinta, ya daɗe yana son ta. Shi ya garzaya wurin Malam Awwalu ya ce, "Baffa, yaron Nasara na ta yaɗawa wai cuta kake shayar da mutane."

"A mayar masa da goronsa!" in ji Malam.

Ummulhairi ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta kwashe ruwan da ya rage a gindin fasasshiyar randar ta zuba a ƙwarya, ta ɗaure bakin da kallabinta. Kwana bakwai ba ta leƙa ba. Ran na takwas ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ruwan randarka ne. Inna shaida ce ban buɗe ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Ka kwance da hannunka. In babu komai... na haƙura da shi har abada."

Ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Malam ya kwance kallabin. Sauro suka taso masa a fuska.

Ya ajiye kallabin a ƙasa.

"Shekara talatin ina cika ta, ina neman lada..."

"Ladanka na nan, Baba. Ai ba ka sani ba."

Ya aika a kira Iliyasu. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna.

"Kai, gaskiya gare ka, ladabi ne babu. Gobe in ka ga aibu a gidana, ka faɗa mini da bakinka."

"Na tuba, Malam."

"Ka kawo sabuwa mai murfi. Kai za ka riƙa wanke ta."

"To, Malam... maganarmu fa?"

"Tashi ka ba ni wuri! Ka turo manyanka da goron."

A bayan ƙofa, Ummulhairi ta toshe baki, tana dariya hawaye na zuba.